Digiri na biyu a ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa: me ake koyo, a ina, a hannun wa?

Wani matashi da ya gama digirin farko a jiyoloji, yana hidimar ƙasa a yanzu, ya aiko da wannan tambaya: "Malam, ina son in yi mastas a fannin ruwan ƙarƙashin ƙasa da gurɓatar muhalli. Abokaina sun ce ɓata lokaci ne, tunda ko yau zan iya bin masu haƙa burtsatse ina yi musu safiyo ina samun na kashewa. In yi ko in bari? Idan zan yi, a gida ko a waje? Kuma akwai aiki bayan an gama?"

Ƙanena, Allah ya ba da sa'a. Abokanka suna da rabin gaskiya, kuma gara in fara ba su ita. Idan burinka shi ne ka riƙa nuna wa masu injin haƙa inda za su kafa, ba ka bukatar wani mastas. Ka bi wanda ya ƙware wata uku ko huɗu, ka koyi kafa turakun ƙarfe, jan waya, tura lantarki cikin ƙasa da fassara abin da na'ura ta karanto, shi ke nan. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a a Kano da Zariya haka suka koya, wasunsu kuwa sun fi masu digirgir iya gane wuri.

Tambayoyin da ake zuwa digiri na biyu dominsu suna farawa ne bayan ruwa ya fito, an yi kabbara, mai gida ya biya. Ruwan nan nawa ne a ƙasa? Shekara nawa zai yi ana jan sa kafin ya ja baya? Daga ina yake shigowa, kuma me ya kwaso a hanya? Wa zai sha?

Ka tambayi mutanen Tibirin Gobir da ke kusa da Maraɗi. An haƙa musu rijiya mai zurfi, ruwa garau, babu wari babu ɗanɗano. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajajen 2000 yara suna sha, sai aka wayi gari da ɗaruruwansu haƙora sun dafe, ƙafafu sun lanƙwashe. Sinadarin fulorayid ne ya yi yawa a ruwan, ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na miligiram 1.5 a kowace lita sau da dama. Wanda ya nemo ruwan ya yi aikinsa, wanda ya haƙa ma ya yi nasa. Wanda ya kamata ya tsaya ya ce a auna, a sake aunawa, shi ne babu. Wannan gurbin ne kake neman cikewa. Irin matsalar tana nan a Najeriya ma, a yankin Kaltungo da Langtang, inda za ka ga haƙoran yara da tabo ruwan ƙasa.

To me za a koya maka? Abu na farko, lissafi, kuma a nan yawancin ɗaliban jiyoloji ke tuntuɓe, domin da yawanmu mun shigo fannin ne muna gudun lissafi. Tushen komai wata ƙa'ida ce da wani injiniyan Faransa, Henry Darcy, ya fitar a 1856 lokacin da yake aikin samar wa birnin Dijon ruwa: yawan ruwan da ke ratsa yashi ya dogara da gangarar ruwan da kuma saukin da yashin ke bari a wuce. Bari in nuna maka amfaninta da misali na bayan gida. A ce masai yana tazarar mita 30 daga rijiya, ƙasar wurin yashi ce mai barin ruwa ya wuce da ƙarfin mita 10 a rana, fuskar ruwan ƙasa tana gangarawa mita 1 cikin kowace mita 200, sarari tsakanin ƙwayoyin yashin kuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ka ninka 10 da 1 bisa 200, ka raba da 0.25, za ka samu mita 0.2 a rana. Ke nan cikin kwana 150 abin da ya bar masan ya iso rijiyar. Yawancin ƙwayoyin cuta sun mutu kafin nan, amma naitiret, sinadarin da ke fitowa daga najasa, ba ya mutuwa, zai iso lafiya lau. Yanzu a ce maƙwabci ya sa famfon lantarki yana ja dare da rana, gangarar ta ninka biyar: kwana 150 ya koma 30, lissafin cuta ya canza. Wannan ɗan lissafin shi ne ƙashin bayan fannin. Sauran, har da manhajar MODFLOW da hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar a 1984 kuma ake amfani da ita har yau, faɗaɗa shi ne zuwa faɗi da zurfi da lokaci. Idan kalkulas ɗinka ya yi tsatsa, ka fara goge shi tun yanzu a wurin hidima, kada ka jira malamin aji ya tona maka asiri.

Abu na biyu, gwajin jan ruwa, wanda a takarda yake da sauƙi: ka kunna famfo, ka riƙa auna yadda ruwa ke sauka, ka zana a jadawali, ka yi amfani da hanyar lissafi ta wani masani mai suna Theis ta 1935 ka fitar da ƙarfin ma'ajiyar ruwan. A daji kuwa wani labari ne. Ina tuna gwajina na farko da na riƙe da kaina, a bakin wata fadama cikin hunturu. Mintuna goman farko su ne masu tsada, domin kowane rabin minti sai ka zura igiyar awo, ta yi ƙara idan ta taɓa ruwa, ka daka wa mai rubutu tsawa da lambar. Daga baya tazara ta buɗe, kowane awa guda, sai yaƙi da gyangyaɗi. Wajen ƙarfe uku na dare janareta ya yi tari biyu ya mutu, domin ɗan kwangilar ya rage man da muka yi yarjejeniya a kai. Ya ce a cike sauran lambobin da ka, wa zai sani? Ni dai na tashi yaron da ke riƙe da fitila muka shiga auna dawowar ruwan, minti bayan minti har gari ya waye, kuma lambobin dawowar nan su suka ceci aikin, sun ma fi na jan tsabta. Ba wani aji da zai koya maka wannan. Shi ya sa duk shirin mastas da za a gama ba a kai ka ka kwana a bakin rijiya ba, ka ɗauke shi rabin shiri.

Abu na uku shi ne kemistiri, kuma a nan zan daɗe, domin nan ne kalmar "muhalli" ta tambayarka take zaune, nan ne kuma ake yawan cutar kai. Akwai wani irin kundin mastas da na gaji da gani. Ɗalibi zai ɗebo ruwa daga rijiyoyi goma sha biyar a robobin ruwan sayarwa, sau ɗaya tak, ya bar su a but ɗin mota kwana biyu, ya kai ɗakin gwaji, a ba shi lambobi, ya jera su kusa da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ya rubuta "wannan ya wuce, wannan bai wuce ba", ya ba gwamnati shawarar ta wayar da kan jama'a. An gama. Ba taswirar fuskar ruwa, ba a san inda ruwan ya dosa ba, ba a san zurfin rijiyoyin ba, ba a koma da damina ba. Ruwa ba ya tsami banza, aikinka shi ne ka faɗi dalilin tsamin, kuma jerin lambobi ba zai faɗa ba.

Mai horo na gaske yana zubar da ruwan da ya kwana a rijiya kafin ya ɗiba. Yana auna tsami, zafi da yawan gishiri nan take a bakin rijiyar, domin suna canzawa a hanya. Kwalbar da za a nemi ƙarafa masu guba a ciki sai an tace ruwanta an ɗiga mata asid, ta ƙwayoyin cuta kuwa cikin ƙanƙara take tafiya, a kai ta a ranar. Idan sakamako ya dawo, abu na farko da yake yi shi ne auna gaskiyar ɗakin gwajin kansa: ya haɗa jimillar sinadarai masu cajin lantarki na (+) da masu na (−), waɗanda ya kamata su zo daidai, idan bambancin ya haura kashi 5 cikin 100 ya san akwai lauje cikin naɗi. Ga kuma wani abu da ba a cika gaya wa ɗalibai ba. Ma'aunin dalma a ruwan sha miligiram 0.01 ne a lita, na asanik, wata gubar ta daban, ma haka. Na'urar da ta fi yawa a ɗakunan gwajinmu, mai ƙona ruwan a harshen wuta, da kyar take ganin dalma a wannan ƙanƙanta. Saboda haka idan ka ga kundi yana shelar cewa kowace rijiya a gari cike take da dalma, ka fara tambayar da wace na'ura aka auna, kuma an gwada ta da ruwan da aka san abin da ke cikinsa? Ba dalmar ce babu a ƙasarmu ba. Lambar ƙarya tana tayar da hankalin unguwa, ranar da ta gaskiya ta zo kuma a ƙi yarda.

Tunda an ambaci dalma: a 2010 aka gano annobar gubarta a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Babbar hanyar gubar ƙura ce da turɓayar tsakar gida, daga niƙan duwatsun zinariya, ba ruwan rijiya ba. Na kawo wannan don ka san cewa mai ilimin ruwa nagari shi ne wanda zai iya cewa "a nan ba ruwa ne babban mai laifi ba". Amma da aka zo kankare ƙasar gidajen, aka tashi binne ta, sai tambayarmu ta taso: a ina za a binne, kan wace irin ƙasa, nesa da wace rijiya?

Batun abin da za ka bincika kuwa, Allah ya hore mana tambayoyi fiye da masu amsa su. Kusan rabin Najeriya yana kan tsohon dutse ne mai tauri, ciki har da Kano, Zariya, Kaduna da yawancin Katsina. A nan ruwa yana maƙalewa ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa, shi ya sa gida biyu masu katanga ɗaya, wannan burtsatsensa na ambaliya, na wancan ƙurar dutse kawai ya fitar. Kowa yana haƙa nasa a Kano, amma rijiyoyin sa ido da ake auna su shekara da shekaru ba su taka kara sun karya ba. Ga ruwan majemu na Challawa da Sharaɗa mai ɗauke da kuromiyom, sinadarin jima mai guba, ga kogin Jakara da ake ban-ruwan lambu da shi. Idan ka gangara kwarin Chadi labari ya sauya: shimfiɗun yashi uku ne a jere ƙarƙashin Maiduguri da kewaye, na tsakiya da na ƙasa suna da matsi, har a da idan an huda ruwa da kansa yake tsartowa. An bar da yawa suna kwarara ba murfi shekara da shekaru, matsin ya ragu, kuma gwajin aisotof, wanda ke nuna shekarun ruwa da asalinsa, ya nuna ruwan ya shiga ƙasa ne dubban shekaru da suka wuce, lokacin da yankin ya fi yanzu damshi. Wato gado ake ci. A yammacin Nijar kuwa, kusa da Yamai, masu bincike sun tarar da abin mamaki: duk da farin shekarun 1970 da 1980, ruwan ƙasa hawa yake yi. Dalili shi ne an sare daji an yi gonaki, ruwan sama ya daina tsayawa, yana gangarawa tafkuna, daga can yake nutsewa. Da ƙiyasi aka yi daga ofis, da kowa ya rantse raguwa yake. Kwarin Sakkwato da na Chadi duk sun ƙetare iyakoki, shi ya sa hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta daɗe tana tallafa wa binciken aisotof a kansu. Wanda ya iya Faransanci ko kaɗan yana da riba a nan.

Gida ko waje? Ni ba na fara wannan da sunan jami'a, ina farawa da abu uku: wane ne zai duba aikinka, ina za ka auna ruwanka, kuma wa zai biya kuɗin daji.

A gida akwai sassan jiyoloji masu tarihi a fannin, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da na Jami'ar Maiduguri, ga kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna. Ribar gida ita ce dajin naka ne, ka san harshe, mai unguwa zai buɗe maka rijiyar masallaci, kuma kana iya ci gaba da ɗan safiyonka kana ciyar da kanka. Tsadarsa lokaci ne da aljihu. Shirin da aka rubuta shekara ɗaya da rabi ko biyu yana iya jan uku, ka tuna yajin aikin 2022 wata takwas ya ci. Kuɗin mota, na gwaji, na mataimaka, galibi daga jikinka za su fito, kuma ƙarancin kuɗin nan ne ke haifar da kundin rijiya goma sha biyar da na ambata.

A waje tsarin ya bambanta. A Ingila shekara ɗaya ce cur, a matse, kuma shirin Jami'ar Birmingham ya daɗe da suna, amma kuɗinsa sai da tallafin karatu irin na Commonwealth, Chevening ko PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya. A Jamus shekara biyu ce, yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta in ban da jihar Baden-Württemberg da ta sa wa 'yan wajen Turai yuro 1,500 a zango tun 2017. Jami'ar Darmstadt tana da shiri da Turanci kan ruwan ƙasa na yankuna masu zafi, kuma DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, na ba da tallafi, sai dai irin wannan tallafin yakan nemi shekara biyu ta aiki bayan digiri. Ka lura da wannan, domin bin masu haƙa da abokanka ke zuga ka a kai yana iya zama tsaninka, idan ka yi shi a ƙarƙashin kamfani mai rajista da zai ba ka takarda. Akwai cibiyar IHE da ke Delft a Holan, wadda ta horar da ma'aikatan ruwa na Afirka masu ɗimbin yawa. A Amurka da Kanada kuwa malami ne ke ɗaukarka da kuɗin bincikensa, ko sashe ya ba ka koyarwa a biya ka, saboda haka wasiƙar da za ka rubuta masa ta fi fom muhimmanci. Jami'ar Waterloo a Kanada ita ce ta yi fice a ilimin tafiyar guba cikin ruwan ƙasa, kuma John Cherry, wanda ya daɗe yana koyarwa a can, ya kuma samu kyautar ruwa ta Stockholm a 2020, ya kafa shirin Groundwater Project da ke raba littattafan fannin kyauta a intanet. Ka sauke su yau, ko ina za ka tafi.

Ra'ayina: idan ka samu cikakken tallafi, ka tafi, amma ka yi ƙoƙarin kundinka ya zama a kan ruwan gida, ka ɗebi samfur a nan ka auna a can. Idan ba ka samu ba, kada ka bari a sayar da gona ko filin gado don shekara ɗaya a Ingila. Ka yi a gida a hannun mutumin kirki, ka tara bayanai masu kyau, ka fitar da maƙala ɗaya mai nauyi, ita za ta buɗe maka ƙofar digiri na uku a waje. Na ga waɗanda suka bi wannan hanya suka isa.

Yadda ake gane malamin kirki ba wuya. Ka nemi ɗalibansa biyu ko uku da suka gama, ka tambaye su a keɓe: shekara nawa kuka yi, yana karanta babi ya dawo da shi da jan biro ko sai an yi ta sintiri, ya taɓa bin ku daji? Ka karanta abin da ya rubuta cikin shekaru biyar na baya. Babban suna mai muƙamai uku sau da yawa bai kai matashin lakcara mai lokaci amfani ba. Sannan ka fara neman takardar sakamakonka ta jami'a tun yanzu. Na san wanda ya samu gurbi da tallafi, rijiya ta bayar guga ya hana, takardar ba ta fito daga ofis ba sai da wa'adi ya wuce.

Aiki akwai, amma ba zan yi maka romon baka ba. Na gwamnati, a hukumomin ruwan karkara na jihohi, hukumomin raya kogunan ƙasa, NIHSA mai sa ido kan ruwa, NGSA mai binciken ƙasa ko NESREA mai kula da dokokin muhalli, gurabensa kaɗan ne kuma ka san yadda ake shiga. Ƙungiyoyin agaji a arewa maso gabas suna ɗaukar masu wannan ilimi, suna biya da kyau, sai dai kwangila ce mai ƙarewa idan mai ba da kuɗi ya janye. Inda na fi ganin gaba shi ne kamfanonin ba da shawara: dokar 1992 ta wajabta nazarin tasirin muhalli kafin manyan ayyuka, ma'adinai na buɗewa, ga aikin tsabtace Ogoni da ya biyo bayan rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011, wanda ya samu sinadarin benzin mai guba a rijiyoyin wani gari fiye da sau 900 na ma'auni. Duk waɗannan suna neman wanda zai iya tsara rijiyar sa ido, ya ɗebi samfur yadda ya dace, ya rubuta rahoton da zai tsaya a gaban lauya. Ka yi rajista da COMEG, hukumar da ke yi wa masana jiyoloji rajista, idan lokaci ya yi, ka koyi manhajar taswira ta QGIS, kyauta ce, da ɗan Python ko R, harsunan kwamfuta na sarrafa bayanai.

Kafin ka cike kowane fom, ga aikin da zan ba ka. Ka zaɓi rijiyoyin hannu biyar ko shida a garin da kake hidima, ka nemi izinin masu su. Ka samu igiya ka yi mata alama kowane santimita goma, ka ɗaura ɗan murfin ƙarfe a bakinta yadda za ka ji "ɓul" idan ya taɓa ruwa. Kowace Asabar da asuba, kafin a fara ja, ka auna daga wuri ɗaya a bakin kowace rijiya, ka rubuta rana da lamba, ka rubuta ko an yi ruwa a makon. Ka fara tun bazara, ka bi ta har kaka. Idan ka kai mako na goma kana ɗokin ganin lambar mako mai zuwa, fannin naka ne. Idan igiyar ta koma shanya, ka bi shawarar abokanka ba tare da jin kunya ba. Littafin awon kuma ka adana shi, ka zana jadawalinsa, shafi ɗaya ya isa, ka liƙa shi a wasiƙar farko da za ka aika wa malamin da kake so ya ɗauke ka.